Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari: Masu Gadin Lambu Da Ido Ba Ya Gani

A farkon daminar bara, ran wata kasuwa a Gummi, ina zaune a rumfar wani abokina sai ga wani dattijo mai fataucin mangwaro ya zo ya dire kwando a gabana. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya ce, "Malamin gona, duba nan ka gaya mini wa ya cuce ni." Na duba. Ko wane ɗa ya yi baƙin tabo, waɗansu kamar an ɗiga musu tawada, waɗansu kuwa tabon ya haɗe ya lotsa har ya fara ruwa. Ya ce da hannunsa ya tsinke su kore shar, babu ko ɗigo, ya rufe su su nuna don ya kai Gusau. Kwana biyar ya buɗe ya tarar da haka. Kuɗin kuwa na bashi ne, kuma tuni ya yi wa mai lambun maganar da ba ta da daɗi, wai ya sayar masa da kaya mai sammu.

Na ce, "Baba, mai lambu bai cuce ka ba, kuma babu sammu. Ɓarawon yana cikin kayan tun suna bisa itace, barci ya ke yi, nunar ce ta tashe shi."

To, wannan ɓarawo, da irin masu gadin da za a sa masa, su ne maganarmu ta wannan mako.

Ko wace mace ta san fumfuna, wadda a nan yamma mu ke ce wa hunhuna. Ita ce ke fitowa kan tuwon da ya kwana biyu, ko kan hatsin da aka zuba a rumbu da sauran danshi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fumfuna halitta ce mai rai, tana da iri kamar yadda gero ya ke da iri, sai dai irinta ya fi ƙurar gari ƙanƙanta, ba a ganinsa sai da madubin likita. Kuma kabila-kabila ce, ba ta ƙidayuwa. Wadda ta ɓata mangwaron dattijon nan tana zaune ne a busassun rassa da matattun ganye na cikin itacen. In ruwan sama ya sauka sai ya fantsama irinta bisa 'ya'yan. Irin ya tsira, ya huda ɓawo, sa'an nan ya yi lamo, gama ɗanyen mangwaro yana da wani abu a jikinsa da ke hana ta yaɗuwa. Da ya fara nuna abin nan ya ragu, sai ta miƙe ta shiga ci.

Mu nan Allah ya rufa mana asiri, domin mangwaronmu yana fure da hunturu, yawancinsa kuma ya kan nuna da bazara tun ruwa bai sauka ba. Mutanen Binuwai da na kudu sun fi mu shan wannan wahala nesa ba kusa ba. Amma mai nunar baya, musamman manyan nan masu aure waɗanda su ne masu kuɗi, ruwan farko ya kan riske su bisa itace. Haka kuma lambunan da ke bakin gulbin Zamfara da gulbin Ka, inda raɓa ke kwana kan ganye kuma itatuwa sun cushe iska ba ta ratsawa.

Akwai waɗansu 'yan'uwanta da ke zaune cikin ƙasa. Ɗaya ita ce mai kashe dashe a wurin reno: ka shuka gwanda ko lemo ko tumatir, su fito gwanin sha'awa, da safe ka tarar sun zube, gindin ya tsuke kamar an murɗe shi da zare. Wata kuma ita ce ke shiga kankana ta saiwa ta toshe mata hanyar ruwa, ka ga yaɗo ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe ta ke. Wannan in ta shiga fadama ta kan yi shekaru tana jiran a sake shuka mata kankana. Masu lemo kuma sun san ciwon nan da ke sa gindin itace ya riƙa zubar da ƙaro har ya bushe, wanda ya kan zo in ana barin ruwan ban-ruwa yana kwanciya a jikin gindin.

Maganin da kowa ya sani shi ne feshi. Tun 1885 wani masani a Faransa, Millardet, ya nuna cewa haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa yana tsare inabi daga fumfuna, kuma har yau jikokin wannan magani ne mu ke saye a shago, garin nan mai launin shuɗi ko kore. Ba na kushe shi, yana aiki, ni ma ina sa manoma su yi amfani da shi in ta kama. Amma yana da illa uku. Kuɗinsa ya fi ƙarfin mai itace goma. Jan ƙarfe kuma ba ya ruɓewa, abin da ya zuba ƙasa bana yana nan baɗi, yana taruwa. Na uku, akwai waɗansu sababbin magunguna da fumfuna ta kan saba da su in an dinga yi mata su kullum, har a fesa ta ƙi mutuwa. Fatake kuma su tuna da abin da ya sami wakenmu a 2015, sa'ad da ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wanda ke son kayansa su yi nisa dole ya lura da abin da ya ke zuba musu.

Wannan ya sa masana suka juya ga wata dabara, watau a sa ƙananan halittu su yaƙi 'yan'uwansu. Kada wani ya ji an ce ƙwayoyin da ido ba ya gani ya zaci duk cuta ne. Mai amfani ya fi mai cuta yawa ƙwarai. Su ne ke mai da madara nono. Su ne ke cikin 'yan ƙulullutan nan na saiwar gyaɗa da wake, masu sa gona ta yi ƙarfi bayan an cire amfani. Allurar fenisilin da ta ceci mutane ba iyaka daga wata fumfuna aka samo ta, wadda Fleming ya lura da ita a Ingila cikin 1928, ya ga ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita. Har ƙanshin nan da ƙasa ke yi ran da aka yi ruwan farko, wanda ke sa manomi ya ji zuciyarsa ta yi fari, waɗansu ƙwayoyi ne na cikin ƙasa ke fid da shi.

Biyu daga cikinsu su ne aka fi sa wa aikin gadin lambu.

Na farko ita ma fumfuna ce, koriya, sunanta Tirikodama. Tana nan cikin ƙasa mai taki da ruɓaɓɓen itace ko'ina a duniya. A 1932 wani masani mai suna Weindling, a Kalifoniya ta Amurka, yana binciken abin da ke kashe dashen lemo a wurin reno, sai ya ga wani abin mamaki cikin madubi. Zaren Tirikodama ya bi zaren muguwar fumfunar ya nannaɗe shi, kamar yadda kauci ke kama itace, ya narkar da jikinsa ya shanye. Ashe abincinta ke nan. Ban da wannan kuma tana da saurin girma. In ta riga isa jikin saiwa sai ta mamaye wurin ta cinye abincin da ke nan, mai cuta ya zo ya tarar babu masauki. An kuma gane cewa zamanta a jikin saiwa ya kan sa shukar kanta ta yi shirin faɗa, kamar garin da ya ji ƙarar kuge.

Na biyu kuwa, in na faɗi inda ya ke za ku yi dariya. Yana cikin miyarku. Ƙwayar da ke mai da kalwa daddawa, ta ba ta wannan wari da yauƙi, ita ce masana ke kira Basilus sabtilis. Waɗansu daga cikin danginta suna fid da wani abu mai huda jikin fumfuna, kuma in an fesa su kan ganye da 'ya'yan itace sai su zauna su tare wurin. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Firitoriya ta zaɓo wani irinsa daga jikin ganyen fiya, aka yi magani da shi mai suna Avogreen domin tabon 'ya'yan fiya. A Amurka kuma an yi wa wani rajista a shekarar 2000 da sunan Serenade, ana fesa shi ga inabi da tuffa da kayan lambu. Abin da ya sa na fi sa rai da wannan a ƙasarmu shi ne in ya ji wuya ya kan ƙulle kansa cikin wani ƙoƙo mai tauri, zafi da fari ba su kashe shi da wuri. Tirikodama ba ta da wannan jimiri. Ta fi son ɗumi madaidaici, kamar awo 25 zuwa 30, ga shi kuwa a watan Afrilu zafinmu ya kan wuce 40.

Na taɓa faɗin maganar daddawan nan a wani taron manoma a ƙasar Bukkuyum, kafin mako ya kewayo sai na ji wani saurayi ya jiƙa daddawar uwarsa ya fesa wa gwaiba. Bai samu kome ba sai ƙudaje da faɗan tsohuwa. Ku lura, kare duk kare ne, amma ba ko wanne ke farauta ba. Cikin ɗaruruwan iri a kan gwada kafin a sami guda mai aikin. Haka kuma kada wani ya ga koren fumfuna kan tuwo ko masara ya ce ga Tirikodama ya kwasa ya kai lambu. Wata koriyar guba ce mai kisa.

Wannan ya kawo mu ga misalin da ya fi kusa da mu, wanda aka yi a nan Nijeriya, ko da ya ke ba don 'ya'yan itace aka yi shi ba. Akwai wata fumfuna mai launin kore da rawaya da ke kama gyaɗa da masara, tana zuba musu dafin da a ke kira afalatoksin. Dafin nan yana lalata hanta, yana tsumburar da yara, kuma a Kenya cikin 2004 ya kashe mutum 125 da suka ci masara mai shi. Masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da na ma'aikatar gona ta Amurka, suka bi gonakin ƙasar nan suna tattara wannan fumfuna. Suka tarar cikin danginta akwai waɗanda ba su yin dafi ko kaɗan. Suka zaɓi iri huɗu, duka 'yan ƙasa, suka shafa su a jikin dawa da aka gasa don kada ta tsira, aka rina ta shuɗi don kada a ci. Shi ne Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista a 2014. A kan watsa kilo 10 a kadada guda, watau kamar kilo 4 a eka, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure. Marasa dafin su riga su cika gonar, masu dafin su rasa wuri. Gwajin da aka yi a gonakin manoma ya nuna dafin ya kan ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. A Kalifoniya ma da irin wannan dabara a ke tsare ɓaure da waɗansu 'ya'yan itace masu ƙwalo. Da ɗan gari a kan ci gari.

Amma a ji ni da kyau, Aflasafe na gyaɗa da masara ne. Ba ya maganin tabon mangwaro, ba ya hana kankana yaushi. Na kawo shi ne don ku ga abin da ya sa ya ci nasara, gama shi ne sirrin dukan wannan aiki: an sa shi tun ɓarawo bai zo ba. Mai gadi a ke ɗauka, ba mai bin sawu ba. Duk wanda ya bari sai tabo ya bayyana ko yaɗo ya kwanta sa'an nan ya nemo Tirikodama, ya zubar da kuɗinsa.

Na ga wannan da idona a wurin renon wani mai lambu a ƙasar Anka. Shekara biyu dashen gwandarsa na zubewa. Na samo masa ƙunshin garin Tirikodama, na ce ya raba wurin biyu, rabi a cuɗa ƙasar da garin da ruɓaɓɓen taki kwana bakwai kafin shuka, a riƙa yayyafa ruwa, rabi kuma a bar shi yadda ya saba. Na farko bai yi ba, duka ɓangarorin suka zube. Da na bincika sai na tarar laifina ne. Na bar ƙunshin cikin akwatin babur yini biyu a rana, na kai masa gawa. Na sake samo wani, wannan karon na naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu, muka ajiye shi gindin randa. Da aka sake gwadawa, ɓangaren da aka sa wa ya tsaya sai ɗai-ɗai da suka faɗi, ɗayan kuwa ya yi gibi-gibi kamar bakin tsoho. Mutumin ya dube ni ya ce, "Malam, ashe maganin naka dabba ne, sai da kiwo." Ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai kamar haka ba.

Tun da dabba ne, ga kiwonsa. A duba kwanan wata a jikin ƙunshin, gama ba ya shekara da shekaru kamar takin zamani. Kada a sayi wanda aka shanya a rana a kasuwa, ko wanda aka ƙulla a leda babu suna babu lambar NAFDAC. Na kan ji ana yawo da waɗansu ruwaye a jarka wai ƙwayoyi masu amfani ne, ban hana kowa ba, amma ni ba na sa kuɗina a abin da ban san mai shi ba. In za a fesa a bari sai la'asar sakaliya, rana tana kashe su. A wanke famfon feshi sarai, kada a haɗa su da maganin fumfuna a tulu guda, gama maganin bai san na gida da baƙo ba. Kuma sau ɗaya ba ya isa. Ga mangwaro a kan fara tun fure, a riƙa maimaitawa yadda takardar ta faɗa, musamman in hadari ya fara haɗuwa.

Na san mai karatu zai ce, to ina za a same su a Daki Takwas ko Nasarawar Burkullu? Gaskiya ba su cika shagunanmu ba tukuna, sai an yi sautu daga manyan garuruwa. Mai so ya tambayi malamin gona na yankinsa, ko ya nemi shawarar cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano, ko masanan Samaru a Zariya. In manoma goma suka haɗa kuɗi suka yi sautu guda, abin zai zo da sauƙi.

Kafin nan akwai rundunar da ke bayan gidan kowa, watau taki. Ba ɗanyen kashin shanu na ke nufi ba, wannan ya kan ƙone dashe ya kuma kawo tsutsa. A haƙa rami a inuwa, a jera kashin dabbobi da ganye da shara da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya shi bayan ko wane mako biyu ko uku. Da fari zai yi zafi har hannu ba ya jimrewa, zafin nan yana kashe yawancin irin cuta da na ciyawa. In ya huce sai masu amfani su shigo su cika shi. Bayan kamar wata uku, in ya yi baƙi ya yi laushi yana ƙanshin ƙasar ruwan farko, ya nuna. An daɗe da gane cewa dashen da aka rena cikin irin wannan taki bai cika zubewa ba. Ko Tirikodamar kanti ma in babu shi ba ta zama, gama ƙasa fara fat ba ta da abin da za ta ci.

A nan dole in ja kunnen mutanen Anka da Bukkuyum musamman. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Dareta da Abare da 'Yargalma da sauran ƙauyuka, daga baya kuma aka gano ta a Bagega, saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Dalma ba ta ruɓewa, zafin ramin taki ba ya taɓa ta, kuma babu ƙwayar da ke cinye ta. Kada a kwashi juji ko shara ko ƙasa daga gidan da aka taɓa daka dutse ko wanke shi, ko daga inda aka binne ƙasar da aka kankare, a kai lambu. Yaran da ke bin mu ban-ruwa a cikin ƙasar nan su ke wasa.

Sauran aikin kuwa na hannu ne, kuma in ba a yi shi ba mai gadi zai tarar ɓarayi sun fi ƙarfinsa. Bayan an gama tsinkar mangwaro a sare busassun rassa, a buɗe tsakiyar itacen iska da rana su shiga, a tattara abin da aka sare da 'ya'yan da suka zube a ƙone ko a binne. Lemo a yi masa kewayen ƙasa yadda ruwa ba zai taɓa gindi ba. Fadamar da kankana ta yi yaushi a huta mata da kankana shekaru, a sa albasa ko masara. Yanzu da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, ɗan lambun bakin gari shi ne ke riƙe da gida, bai kamata a bar shi ya gaji da cuta ba.

Dattijon nan na Gummi kuwa, abin da na gaya masa shi ne ya daina girgiza itace ko jifa, a tsinka da hannu a bar ɗan guntun mariƙi, kada a tsinka da ruwa a jiki, kada kuma a zube su a ƙasa ƙarƙashin itacen. In kayan masu tsada ne, a tsoma su cikin ruwan ɗumi mai awo 52 na minti biyar, a shanya a inuwa su bushe kafin a rufe. Wannan sai da ma'aunin zafi, kada a yi da ka, gama in ya ɗara kaɗan an dafa su ke nan. Na kuma roƙe shi ya koma ya ba mai lambun haƙuri. Ya ce zai je, amma sai na raka shi na yi bayanin da bakina, don shi in ya ce wani abu ne da ba a gani ya yi ɓarnar, za a ce ya koma maganar sammun da ya fara. Muka tafi tare ran Lahadi. Bana su biyun ne suka haɗa kuɗi suka sa aka sassabe itatuwan tun kaka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ƙudan nan da ke sa tsutsa cikin mangwaro da gwaiba, da yadda a ke yi masa tarko da gorar ruwa.